Sifirin mai mayar da bawul ɗin totur

Sifirin mai mayar da bawul ɗin totur wata naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe ce da ake sanyawa a jikin bawul mai juyawa na inji, domin ta komar da bawul ɗin mazauninsa na asali da zarar an sake shi. Ana samunsa a kafiretar injin jirgin ruwa, da injin ban ruwa, da janareta, da mota, da wasu babura. Girmansa bai cika wuce ɗan yatsa ba, kuma yana cikin mafi arahar kayan inji, amma shi ne ke sa inji ya sassauta gudu idan direba ya ɗage ƙafarsa daga totur ko kuma wayar totur ta tsinke. A ƙasar Yawuri, wato ƙananan hukumomin Yawuri, Ngaski da Shanga na Jihar Kebbi, inda sufuri da kamun kifi da noman rani suka dogara ga ƙananan injinan fetur a gaɓar Kogin Neja da tafkin Kainji, wannan sifirin yana cikin kayan da makanikai ke cin karo da su kullum.

Bawul mai juyawa

Injin fetur yana ƙona cakuɗar iska da mai ne. Yawan iskar da ta shiga shi ne ke ƙayyade ƙarfin da injin zai bayar, saboda haka duk mai son sarrafa gudun inji sai ya sarrafa ƙofar iska. Hanyar da aka fi bi ita ce a sanya wani ɗan faifan ƙarfe, mai kamar kwabo, a tsakiyar bututun da iska ke bi. Faifan yana ɗaure da wata siririyar sanda da ta ratsa bututun daga wannan gefe zuwa wancan. Idan aka juya sandar har faifan ya tare bututun, iska kaɗan ce ke wucewa, injin sai ya riƙa yin abin da makanikai ke kira silo. Idan aka juya ta har faifan ya kwanta daidai da tsawon bututun, iska sai ta kwarara, injin ya ɗauki wuta. Tsakanin rufewa da cikakkiyar buɗewa bai kai rubu'in zagaye ba, wato ƙasa da digiri 90. Turawa suna kwatanta wannan bawul da malam-buɗe-littafi, saboda ɓangarorin faifan biyu suna kama da fikafikai a gefen sandar.

A kafireta da yawa akwai irin wannan faifai guda biyu. Na kusa da injin shi ne na totur. Na bakin kafireta kuwa shi ne cok, wanda ake rufewa idan za a tayar da inji da sanyi domin mai ya yi yawa a cikin cakuɗar.

Wannan bawul daban yake da bawuloli na kan silinda, waɗanda ke hawa da sauka a miƙe, kowanne da ƙaton sifirin da ke rufe shi sau dubbai a minti ɗaya. Haka nan ƙananan babura da yawa ba su da faifai mai juyawa a totur ɗinsu. Wani ɗan gwangwanin ƙarfe ne wayar totur ke ɗagawa sama, sifirin kuma ya danno shi ƙasa. Aikin dai ɗaya ne, siffar ce ta bambanta.

Yadda sifirin ke aiki

Iri biyu aka fi gani. Na farko ana naɗe shi ne a jikin sandar bawul ɗin kanta, ƙafarsa ɗaya ta maƙale a jikin kafireta, ɗayar kuma a jikin hannun da ke juya sandar. Idan aka buɗe totur, naɗin yana ƙara matsewa, idan aka saki sai ya warware ya dawo da sandar. Na biyu dogo ne mai ƙugiya a kowane baki, wanda ake maƙalawa daga hannun totur zuwa wani ƙarfe da ba ya motsi, ya riƙa jan hannun baya. Tsofaffin motoci masu kafireta sukan haɗa duka biyun.

Ƙa'idar da ke bayan wannan ita ce wadda masanin kimiyya ɗan Ingila Robert Hooke ya bayyana a fili a shekarar 1678: ƙarfin da sifirin ke mayarwa yana ƙaruwa daidai da yadda aka ja shi ko aka murɗa shi, matuƙar ba a wuce iyakarsa ba. Idan aka ninka murɗawar, ƙarfin ma ya ninka. Idan aka wuce iyaka kuwa, ƙarfen ya saki ke nan, ba zai koma yadda yake ba.

Daga wannan ƙa'ida ne wata matsala ke fitowa. Idan aka sanya sifirin yana sake a lokacin da bawul ke rufe, to a daidai wurin da ake buƙatar ya danne faifan ba shi da ƙarfi ko kaɗan. Ɗan datti ko ɗan tsatsa a jikin sandar ya isa ya tsayar da faifan kafin ya kai mazauninsa. Shi ya sa ake murɗa sifirin tun kafin a maƙala ƙafarsa, ya zamana ko a rufe yana ɗauke da ƙarfi. Misali, a ɗauka an murɗa shi digiri 180 lokacin haɗawa, bawul ɗin kuma yana juyawa digiri 80. A rufe yana da ƙarfin murɗawar digiri 180, a buɗe kuma na digiri 260, wato ƙarin bai kai rabi ba. Ta haka faifan ke zama daram a rufe, hannun direba kuma ba ya gajiya idan ya buɗe shi. Makanikin da ya kwance kafireta ya mayar da sifirin ba tare da wannan murɗawar farko ba, zai ga komai ya zauna daidai a ido, amma silo ba zai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba.

Taurin sifirin mai naɗi ya dogara ga abu uku bayan irin ƙarfen: kaurin wayar, faɗin naɗin, da yawan zagayen. Kaurin waya ne ya fi tasiri nesa ba kusa ba, domin taurin yana hawa ne da kaurin a ninke cikin kansa sau huɗu. Wayar da ta fi wata kauri da kashi 20 cikin 100 kawai tana ba da sifirin da ya ninka wancan tauri. Rage yawan zagaye ma yana ƙara tauri, saɓanin yadda mutane da yawa ke zato. Wannan ne dalilin da ya sa ɗauko kowane sifirin daga tarin tsofaffin ƙarafa, don kawai ya yi kama da na asali, ba ya cika haifar da ɗa mai ido.

Akwai kuma batun gefen da ake murɗawa. An ƙera irin wannan sifirin ne domin a murɗa shi ta gefen da naɗin ke ƙara matsewa. Yayin da yake matsewa faɗinsa na raguwa, tsawonsa na ɗan ƙaruwa, don haka dole a bar masa sarari a jikin sandar. Idan babu sararin, sai ya shaƙe sandar, abin da aka sa don ya mayar da totur ya koma shi ne ke riƙe shi.

Mazaunin asali

Ba kowane inji ne ake son bawul ɗinsa ya koma rufe ba. Mai ƙera inji yakan tambayi kansa: idan waya ta tsinke ko lantarki ya ɗauke, wane hali ne ya fi sauƙin haɗari? Amsar ita ce mazaunin da sifirin zai kai bawul ɗin.

A mota da babur amsar a fili take: a rufe, injin ya koma silo. A wasu ƙananan jiragen sama kuwa akasin haka ne. Kafiretocin injin Rotax 912, wanda ake sanyawa a ƙananan jirage da yawa, suna da sifirin da ke jan totur zuwa cikakkiyar buɗewa, saboda matuƙin da injinsa ke ba da cikakken ƙarfi zai iya kaiwa filin sauka ya kashe injin da kansa, amma wanda injinsa ya koma silo a sararin sama sai dai ya sauka inda ya samu. A janareta da injin ban ruwa ma sifirin buɗe totur yake yi, bisa wani dalili na daban da za a bayyana a ƙasa. A motocin zamani kuma mazaunin yana tsakani, ɗan sama da silo.

Tarihi

Bawul mai juyawa ya girmi injin fetur. A shekarar 1788 James Watt ya haɗa na'urar daidaita gudu mai ƙwallaye biyu masu juyawa da bawul ɗin tururin injinsa. Nauyin ƙwallayen ne ke mayar da su ƙasa, ba sifirin ba. A cikin ƙarni na 19 aka fara maye gurbin nauyi da sifirin, abin da ya ba da damar ƙanƙanta na'urar da kuma girka ta a kwance ko a tsaye. Wilhelm Maybach ya fito da kafireta mai fesa mai a Jamus a 1893. Ole Evinrude ya fara sayar da injin da ake ratayawa a bayan kwale-kwale a Amurka a 1909, kamfanin Yamaha na Japan kuma ya fitar da nasa na farko a 1960. Honda ta fito da jerin ƙananan injinanta na GX a 1983, waɗanda su da kwaikwayonsu ƙirar Sin suka cika fadamun arewacin Najeriya a yau.

A jiragen ruwan Yawuri da tafkin Kainji

An gina madatsar ruwa ta Kainji tsakanin 1964 da 1968. Tafkin da ta haifar ya miƙe fiye da kilomita 130 daga madatsar zuwa wajen Yelwan Yawuri, ya kuma sa aka sake wa mutane kimanin 44,000 matsuguni, ciki har da Gungawa mazauna tsibirai. Inda a da ake tsallake kogi da gora da filafili, sai ya zama akwai wuraren da tafiya ta koma ta sa'o'i a kan buɗaɗɗen ruwa. Wannan na cikin abin da ya sa injin bayan jirgi ya zama abin dogaro ga masunta da masu jigilar mutane da kaya zuwa kasuwanni irin na Yawuri da Wara. Galibin injinan masu bugu biyu ne, waɗanda ake haɗa musu fetur da baƙin mai, kuma samfurin Yamaha Enduro na cikin waɗanda aka fi sani.

Tsarin totur a irin wannan inji ya sha bamban da na babur, kuma a nan ne mutane suka fi kuskuren fahimta. Matuƙi yana riƙe da dogon hannu guda, da shi yake karkata jirgin, bakinsa kuma yake murɗawa don ƙara wuta. Murɗawar tana motsa wani lanƙwasasshen ƙarfe a cikin injin, shi kuma ya tura ɗan gare-garen da ke jikin hannun bawul ɗin kafireta. Aikin sifirin da ke naɗe a sandar bawul shi ne ya sa gare-garen ya riƙa bin wannan ƙarfe sau da ƙafa: idan ƙarfen ya ja baya, faifan ya rufe. Ke nan hannun matuƙi ne ke mayar da ƙarfen, sifirin kuma ke mayar da faifan. Idan sifirin ya karye ko sandar ta cije, matuƙi zai murɗa hannu ya koma silo, amma faifan ya tsaya a buɗe.

Jirgin ruwa ba shi da birki. Hanyar tsayar da shi ita ce a rage wuta, a cire giya, in ta kama a sa giyar baya. Giyar irin waɗannan injina kuwa haƙora ne ke shiga cikin juna kai tsaye, babu kuloci irin na mota, don haka sai injin ya sauko silo ake sauya ta. Injin da ya ƙi saukowa yana hana matuƙi duka hanyoyin a lokaci guda, kuma yawanci sai an doshi mashaya, inda jirage ke jere mutane na tsaye cikin ruwa, ake gane haka. A tsakiyar tafki ma akwai inda ake buƙatar rage wuta cikin gaggawa. Ruwan Kainji yana hawa da sauka mita da dama a kowace shekara, bisa ambaliya biyu da ke shigowa: ta damina, mai farin ruwa saboda laka, da wadda ke isowa da rani daga tsaunukan Gini bayan ta ratso Mali. Idan ruwa ya ja baya, kututturan itatuwan da tafkin ya haɗiye sukan matso kusa da saman ruwa, ga kuma tarun masunta.

Jiragen yankin sukan ɗauki kaya masu nauyi, jirgi mai nauyi kuma ba ya saurin tsayawa. A ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, mutane da dama suka rasu. Hukumomi sun danganta haɗarin da lodi fiye da kima, ba da matsalar totur ba, amma ya nuna yawan rayukan da kan rataya ga inji ɗaya da matuƙi ɗaya a wannan ruwa.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne, hannun totur na injin jirgi ba ya komawa da kansa kamar na babur. An yi masa wani ɗan noti na matsewa domin ya tsaya inda aka bar shi, saboda kada hannun matuƙi ya ƙage a doguwar tafiya. Littattafan masu ƙera injinan suna gargaɗi kada a matse shi fiye da kima. Ma'anar wannan ita ce, idan matuƙi ya faɗa ruwa, injin zai ci gaba da gudunsa. Juyin farfela yakan karkatar da injin gefe guda, jirgin ya riƙa zagaye, har ya iya dawowa kan wanda ya faɗa. Maganin wannan shi ne jar igiyar nan da ake ɗaurawa a wuyan hannu ko a jiki. Bakinta yana riƙe da wani maɓalli mai nasa sifirin. Muddin igiyar na maƙale, injin na aiki, da an fizge ta sifirin ya tura maɓallin ya kashe wutar fulogi. A watan Mayun 2013, a Padstow da ke Ingila, wani jirgin gudu ya watsar da iyali guda cikin ruwa, ya riƙa zagaye a kansu, mutum biyu suka mutu. Binciken hukuma ya gano cewa ba a ɗaura igiyar ba. Tun daga 1 ga Afrilun 2021 dokar tarayya a Amurka ta wajabta amfani da ita a yawancin ƙananan jiragen shaƙatawa. Igiyar da aka naɗe a jikin hannun inji don kada ta ɓata, kamar yadda ake yawan gani, daidai take da babu.

Injin ban ruwa da janareta

Ƙasar Yawuri ta yi suna wajen noman albasa a bakin kogi, ga shinkafa da sauran kayan rani, kuma ƙaramin injin ban ruwa mai bugu huɗu ne ya maye gurbin jigo a gonaki da yawa. A cikin wannan inji, da kuma janareta, ba mutum ne ke riƙe da totur ba. Wata na'ura ce da makanikai ke kira gwamna.

Gwamna ja-in-ja ce tsakanin abu biyu. A cikin injin akwai wasu ƙananan ƙarafa masu nauyi da ke juyawa tare da shi. Idan gudu ya ƙaru sukan baje, su tura wani hannu da ke rufe totur. A waje kuma akwai sifirin da ke jan wannan hannu ta gefen buɗewa. Inda ƙarfin biyun ya yi daidai, nan gudun injin ke tsayawa. Idan aka ɗora wa janareta kaya, gudu ya ɗan sauka, ƙarafan suka yi rauni, sai sifirin ya rinjaya ya buɗe totur. Idan aka sauke kayan, ƙarafan su rinjaya. Saboda haka injin da ke kashe, totur ɗinsa a wangame yake, domin babu mai ja da sifirin. Ɗalibin da ya buɗe matatar iska ya ga haka zai iya zaton wani abu ya lalace, alhali haka aka tsara shi. Hannun ƙara gudu da manomi ke turawa a injin ban ruwa ba faifan yake taɓawa ba, sifirin yake ƙara ja.

Wannan tsari yana sa lalacewa ta zo ta fuska biyu. Idan sifirin gwamna ya tsinke ko ya fita, injin ya faɗi silo ya ƙi ɗaukar kaya, abin haushi ne amma ba haɗari ba. Idan kuwa ƙarafan ciki ne suka lalace, ko notin da ke ɗaure hannun gwamna ya kwance, sifirin zai ja totur ya buɗe gaba ɗaya babu mai tare shi, injin ya yi ta kuwwa har wani abu ya fashe in ba a kashe shi ba.

A janareta gudun ba abin zaɓi ba ne. Wutar Najeriya tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, kuma ƙaramin janareta mai kan maganaɗisu biyu sai ya yi juyi 3,000 a minti kafin ya ba da hakan. Wanda ya gajarta sifirin gwamna ko ya matsar da ƙugiyarsa zuwa wani rami don janareta ya ƙara ƙarfi, gudun kawai ya ɗaga. Wutar za ta wuce ma'auninta, kayan lantarki su ƙone, injin kuma ya tsufa da wuri.

Akwai wani siririn sifirin na biyu, mai kamar zare, da ke lulluɓe da sandar da ta haɗa hannun gwamna da totur. Saboda ƙanƙantarsa yakan ɓace lokacin wanke kafireta, wasu ma su jefar da shi. Aikinsa shi ne cike ɗan sararin da ke tsakanin sandar da ramukan da take shiga. In babu shi, gwamna takan motsa kafin faifan ya amsa, sai ta wuce gona da iri, ta dawo ta sake wucewa, injin ya riƙa hawa da sauka kamar mai haki. Toshewar ƙaramar hanyar mai a kafireta ma tana kawo irin wannan haki, don haka akan duba duka biyun.

Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu janareta da injin ban ruwa da dama a Najeriya sun sauya kafireta zuwa mai amfani da iskar gas ta girki. Sauyin bai taɓa wannan tsari ba: faifan totur da gwamna da sifirin biyun suna nan, kuma dole a mayar da kowanne raminsa.

Motocin zamani

Daga ƙarshen shekarun 1980, lokacin da BMW ta sanya shi a manyan motocinta jerin 7, totur na lantarki ya riƙa yaɗuwa har ya zama shi ne a kusan kowace sabuwar mota, da ma yawancin 'yan Kwatano na baya-bayan nan. A nan babu waya tsakanin ƙafar direba da faifan. Abin takawar yana aika saƙo ga kwamfutar injin, ita kuma ta umarci wata ƙaramar motar lantarki ta juya faifan.

Duk da haka ba a rabu da sifirin ba. Abin takawa yana da nasa, galibi biyu. A jikin bawul kuma akan sa biyu masu adawa da juna: babba mai rufewa daga sama, da ƙarami mai ɗan buɗewa daga ƙasa. Idan lantarki ya yanke, ko kwamfuta ta ga na'urorin auna matsayin faifan sun saɓa wa juna ta janye wuta, faifan zai tsaya inda biyun suka haɗu, 'yan digiri kaɗan sama da silo. Iskar da ke wucewa a nan ta isa injin ya ci gaba da aiki, motar ta lallaɓa ta sauka daga titi, amma ba ta isa ta yi gudu ba. Wani amfanin kuma shi ne faifan ba ya kwana manne da bangon bututu, inda datti, ko ƙanƙara a ƙasashe masu sanyi, zai iya kama shi.

Cewa sifirin lafiya yake bai wadatar ba idan wani abu na gogayya da shi. A watan Janairun 2010 Toyota ta janye motoci kimanin miliyan 2.3 a Amurka saboda abin taka totur da kan yi jinkirin dawowa. Ba sifirin ne ya karye ba. Wani ɓangare ne da aka sa don ya ba ƙafa ɗan tauri, wanda bayan ya ci, idan laima ta shige shi, yakan riƙe fiye da yadda aka tsara.

Dokoki

A Amurka, ƙa'idar kiyaye haɗurran motoci mai lamba 124, wadda ta fara aiki a 1973, ta wajabta a samu aƙalla hanyoyi biyu masu zaman kansu da za su mayar da totur silo, ta yadda idan ɗaya ta gaza ɗayar za ta wadatar. Ta kuma ƙayyade lokaci: daƙiƙa ɗaya ga ƙananan motoci, daƙiƙa biyu ga waɗanda nauyinsu ya wuce kilo 4,536, daƙiƙa uku a tsananin sanyi. Wannan ne asalin sifirin biyu, ɗaya cikin ɗaya, da ake gani a motoci da yawa. A Najeriya, kula da lafiyar jiragen koguna da tafkuna yana hannun Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997, mai hedikwata a Lakwaja.

Lalacewa da gyara

Sifirin yakan karye ne a lanƙwasar ƙafarsa ko ƙugiyarsa, inda ƙarfen ya fi wahala. Tsatsa tana gaggauta hakan, domin kowane ɗan rami da ta ci wurin fara tsagewa ne. Injin jirgi yana rayuwa cikin laima, shi ya sa ake yi masa sifirin da ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma na babur ko na janareta ba ya daɗewa idan aka sa a madadinsa. Sau da yawa ma ba sifirin ne mai laifi ba. Ƙurar hunturu takan haɗu da mai ta zama danƙo a jikin sanda, fetur ɗin da ya kwana watanni a kafireta yakan bushe ya bar gamo, wayar totur kuma takan tsattsage a cikin rigarta.

Ƙara sifirin mai tauri a kan totur mai cijewa, ko ɗaura masa robar tsohon tub, ɓoye ciwo ne. Roba tana narkewa da fetur da zafi, ta tsinke ba sallama. Sifirin mai tauri da ke ja ta gefe guda kuma yana sa sandar ta cinye raminta, iska ta riƙa satar hanya ta nan. Cakuɗar sai ta yi ƙarancin mai, silo ya rikice, injin ya yi zafi. Wannan ya fi muni a inji mai bugu biyu, wanda baƙin mansa ke tafiya tare da fetur.

Gwajin ba ya buƙatar kayan aiki. Da injin a kashe, a buɗe totur har ƙarshe a saki, ko a injin jirgi a murɗo hannun baya ana kallon hannun bawul. Ya kamata ya koma nan take, a ji ɗan ƙaras lokacin da ya bugi sukurun silo. A babur ana maimaita gwajin da kan babur a karye dama, sannan hagu, saboda wayar da aka bi da ita ta gurguwar hanya takan ja totur idan an sha kwana. A totur na lantarki ba a sa yatsa cikin bututun alhali makulli na kunne, domin motar da ke juya faifan tana da ƙarfin datse yatsa.

Idan totur ya maƙale ana cikin tafiya, mai mota ya taka birki da ƙarfi ba tare da sassautawa ba, ya fitar da giya, ya gangara gefe sannan ya kashe injin, kada ya zare makulli motar na tafiya don sitiyari na iya kullewa. Mai babur ya kama kuloci da birki ya kashe. Matuƙin jirgi ya fizge jar igiya ko ya danna maɓallin kashewa, ya ƙarasa gaɓa da filafili. Mai janareta ko injin ban ruwa ya kashe makunni ya rufe famfon mai, kuma kada a sake tayar da injin sai an duba hannun gwamna da notinsa.